Na Ɗaga Ƙafa, Mota Ba Ta Riƙe Ba

Talata, 4 ga Maris

Kai da ka buɗe littafin da ba naka ba, amsa min tukuna: ka taɓa ɗaga ƙafa daga totur a tsakiyar gangare, kana jiran mota ta riƙe kanta yadda ta saba kullum, sai ka ji ta saki jiki ta tafi kamar an hankaɗa ta? In ba ka taɓa ba, ja bakinka ka yi shiru. Tun jiya kowa ya zama gwanin tuƙi, har mai gadin ƙofa yana da ra'ayi.

Bari in rubuta nawa kafin su rubuta min nasu.

Jiya, bakwai saura kwata na safe, na fito da mota mai lamba tara daga harabar kamfani da fasinja shida, ma'aikatan da muke kaiwa wuraren aikinsu kullum. Harabarmu a kan tudu take. Daga ƙofa gangare ne miƙaƙƙe har danjar ƙasa. Wata takwas ina sauka gangaren nan, ban taɓa taka birki ba sai in zan tsaya cak. Motocinmu masu lantarki ne. Ka ɗaga ƙafa daga totur, injin ya riƙe tayoyi da kansa, ƙarfin gudun ya koma cikin batir ya zama caji. Mu direbobi riƙo muke ce masa.

Jiya na ɗaga ƙafa, babu riƙo. Danja ta ba da ja, wata motar kaya ta tsaya a gabana, kafin ƙafata ta lalubo birki har na shige bayanta.

Ba wanda ya mutu, alhamdu lillahi. Malama, wadda take zama a bayana kullum, ta karye a wuyan hannun dama. Ni leɓe ne ya fashe. An karɓi makullina a gaban kowa, an ce in jira kwamiti ranar Alhamis.

Laraba, 5 ga Maris

Dalilin na san shi, ba sai kwamiti ya gaya min ba. Batir a cike yake fal, ɗari bisa ɗari. Tulun da ya cika ba ya karɓar ruwa. In batir ya cika, ƙarfin gudun ba shi da inda zai zuba, sai riƙo ya ɗauke. Wasu motocin an ce suna cike gurbin da birkin gaske da kansu. Namu ba sa yi. Yana nan a littafin mota, shafi na ɗari da goma sha huɗu, littafin da yake kwance a aljihun kowace mota cikin ledarsa, ba wanda ya taɓa ɓarewa sai ni. Kwana goma na yi a kansa da ƙamus a hannu. Shi ya sa suke ce min Farfesa, ba don yabo ba.

Kullum a tamanin ake tsayar da cajinmu. Makon jiya aka ƙara mana hanya mai nisa, sai wani ya ce daga Litinin a cika batiran. Ba a gaya wa direba ko ɗaya ba.

Ga kuma allo. Manaja ya kafa wani farin allo a ƙofar ofis, ana jera sunayenmu duk mako bisa yawan cajin da kowa ya mayar wa batir ta hanyar riƙo. Ka taka birki, makinka ya ragu. Na ɗaya shi ke zaɓar ranar hutunsa. Wato an ɗauki direbobi ashirin an koya musu cewa birki abin kunya ne, sannan aka cire musu riƙon ba sallama.

Amma hankalina a kwance yake, saboda mai kula da caji da gareji Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya koya min tuƙi, shi ya kawo ni kamfanin. Wata biyu da suka wuce na kai masa shafin nan har gareji, yana ƙarƙashin mota lamba huɗu, na karanta masa. Ya fito yana goge hannu, ya ce, "Farfesa, mu tamanin muke yi, wannan bai shafe mu ba." Na ce ranar da aka ce ku cika fa? Ya ce ranar shi zai fara gaya min.

Bai gaya min ba. To, mantuwa ce, ɗan Adam ne. Gobe zai faɗa a gaban kwamiti, magana ta ƙare.

Alhamis, 6 ga Maris

Dole sai na rubuta wannan.

Mutum uku a bayan tebur: Manaja, wata mata daga babban ofis mai tabarau, da wani da yake ta rubutu. Ni a kujerar roba, mai ƙafa ɗaya a ɗaure da waya. Na yi bayani tiryan-tiryan, har littafin na buɗe musu. Manaja ya ce ba karatu aka kira ni in yi ba. Na ce ai da an yi karatun da ba a kira ni ba. Matar ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau.

Aka kira Yaya. Ya shigo da rigar aikinsa wankakkiya, abin da ban taɓa gani ba. Bai kalle ni ba.

Aka tambaye shi lafiyar motar. Ya ce ya duba birki, lafiya lau. Gaskiya ne, ba wanda ya ce birki ya lalace. Aka tambaye shi cajin nawa ne a ranar. Ya ce daidai yadda aikin ranar yake buƙata. Sai matar ta ce, wannan direban ya ce ya taɓa jawo hankalinka kan cikar batir, haka ne?

Ya gyara tsayuwa. Ya ce, "Direbobi suna yawan zuwa gareji da surutu, ranki ya daɗe. Ba zan iya tuna kowanne ba."

Direbobi. Surutu. Mutumin da muka yi shekara goma sha biyar muna kwana a katifa ɗaya, yau na zama direbobi.

Na miƙe na ce, Yaya, lamba huɗu, kana ƙarƙashinta, ka ce min Farfesa. Manaja ya ce in zauna ko in fita. Na fita. Na so in bugo ƙofar, sai ta zama irin mai rufe kanta a hankali. Ko wannan ba a bar min ba.

Juma'a, 7 ga Maris

Yaya ya kira sau biyar. Ya je ya kira direbobi.

Lahadi, 9 ga Maris

Umma ta aiko in zo. Na san tarko ne, na je. Yaya yana zaune a bakin gadonta, kansa a ƙasa, yana juya hularsa kamar sitiyari.

Umma ta fara da abin da na san za ta fara, wai hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na ce Umma, ai ni aka yanke, ki tambayi hannun. Ta ce in rage baki, tun ina goye bakina yake gaba da ni.

Shi kuma ya yi ta kame-kame. Wai Manaja ne ya ce a cika, da baki, a tsaye, ba a rubuce ba. Wai ya yi niyyar liƙa takarda a kowace mota, aiki ya sha kansa. Wai in ya amsa cewa an gargaɗe shi, shi za a kora nan take, ga matarsa da cikin wata bakwai, ga yara biyu. Ni kuwa matashi ne, ba iyali, dakatarwa kawai za a yi min, in dawo. Wai ya lissafa, ya ga haka ya fi sauƙi ga gidan gaba ɗaya.

Ya lissafa. Ya zauna shi kaɗai ya auna ni ya ga ban kai nauyi ba. Da ya zo ranar Laraba ya ce, ƙanena, ga halin da nake ciki, ɗaukar min wannan, wallahi ban san me zan ce ba, ƙila in ɗauka. Amma bai roƙa ba. Ɗora min ya yi kamar jaki, yanzu yana so in ce masa sannu da aiki.

Da zan fita ya ce, "Ai ka san ba zan cuce ka ba." Na ce ban sani ba, direbobi ba su cika sanin abubuwa ba.

Umma ta bi ni har ƙofa tana cewa in duba girmanta. Ina dubawa. Shi ya sa ban faɗi sauran ba.

Talata, 11 ga Maris

Takarda ta fito. Manaja ya ba ni da hannunsa, har da murmushi. Layi huɗu ce: ni wane, na amince cewa haɗarin ranar uku ga wata ya faru ne saboda sakacina ni kaɗai, kuma motar ba ta da wata matsala. In na sa hannu, dakatarwar mako biyu, in dawo bakin aiki. In ban sa ba zuwa safiyar Talata mai zuwa, sallama, kuma rahoton zai bi ni duk inda na nemi tuƙi.

Na ce ina maganar caji? Ya ce wane caji? Na ce ina maganar allo? Ya ce allo don ƙarfafa gwiwa ne, bai taɓa ce wa kowa kada ya taka birki ba. Haka ne kuwa, bai taɓa faɗa ba. Mutanen nan duk abin da suke yi ba sa faɗa, shi ya sa bakinsu kullum a wanke.

Ya dafa kafaɗata ya ce in yi tunani, yayana mutumin kirki ne, kada in jawo masa. Ashe har sun san inda za su matsa.

Da na fito na dubi allon. An goge sunana daga sama, amma ba a goge da kyau ba, ana ganin inuwarsa.

Laraba, 12 ga Maris

Baba Sannu ya zo har ɗakina bayan ya tashi aiki. Shi ne mafi tsufa a cikinmu, shekara talatin yana tuƙa manyan motoci kafin ya zo nan, kuma tun da aka kafa allo bai taɓa barin layin ƙarshe ba. Ni na raɗa masa sunan. Na sha ce masa ƙafarsa ta auri birki, ya ce eh, kuma ba saki.

Ya zauna a kan katifa, ya ɗauki littattafaina yana juyawa, ya ce duk waɗannan a kai ɗaya, dole mota ta yi nauyi a gangare.

Labarin da ya kawo: tun washegarin haɗarin an mayar da caji tamanin. Shiru-shiru, ba sanarwa. Hanya mai nisan kuma an raba ta biyu. Wato sun sani. Wanda bai tuna surutun direbobi ba ya tuna ya juya lamba cikin kwana ɗaya.

Na yi tsalle na ce shi ke nan, hujja ta samu. Baba bai yi tsalle ba. Ya ce shi ma ranar Litinin ɗin motarsa a cike take, ya sauka gangaren minti goma kafin ni. Na ce to me ya faru? Ya ce ba komai, ya ji ta yi sauƙi, ƙafarsa dama tana kan birki, ya taka. Bai san dalili ba, bai karanta shafi ko ɗaya ba.

"Kai ka san dalili, ni na san birki," in ji shi.

Na ce Baba, in wa'azi ka zo yi, ga ƙofa. Ya yi dariya, ya ce shayi ya zo sha, kuma bai ga alama ba. Na dafa masa. Ya ce in ana buƙatar wanda zai ce motarsa a cike take ran nan, zai faɗa, shi ya tsufa da tsoron manaja. Mutumin da na yi wata takwas ina yi wa ba'a.

Juma'a, 14 ga Maris

Matar Yaya ta aiko da abinci. Na mayar da kwanon yadda ya zo. Daga baya na ji ba daɗi, ita me ta yi. Amma na riga na mayar.

Asabar, 15 ga Maris

Na je gaida Malama. Kwana goma sha biyu ina ɗagawa.

Tana zaune a falo, hannun a naɗe an rataye mata a wuya, takardun jarrabawar ɗalibanta tuli a kan tebur, 'yarta tana rubuta mata maki tana faɗa. Likita ya ce mako shida, kuma ƙila hannun ba zai koma juyawa kamar da ba. Shekara ashirin da biyu tana rubutu a allo da shi.

Na zauna na fara zuba: batir, tamanin, ɗari, shafi kaza, Manaja, Yaya. Ta bar ni har na gaji. Sannan ta ce duk ta ji, kuma ta yarda an zalunce ni. Sai ta tambaye ni ko na tuna sau nawa ta ce min tuƙina yana tayar mata da zuciya.

Na tuna. Kusan kullum. Ina sa riƙo a mataki mafi ƙarfi don maki, duk ɗaga ƙafa sai kawunan fasinja su yi gaba su dawo kamar masu gyangyaɗi. Har lemon tsami take riƙewa a jaka tana shinshina. Tana cewa, ɗana, a hankali, hanjina ba na kamfani ba ne. Ni kuma in ce mata Malama ai wuta muke tarawa, in kama yi mata bayanin yadda injin yake aiki.

Ta ce, "Wata takwas kana tuƙa allo, mu muna baya." Ba da faɗa ta faɗa ba, da ma faɗan ta yi.

Na ce amma cajin fa. Ta ce laifi tudu ne, ɗana, ka taka naka ka hango na wani. Nasu yana nan, ba ta yafe musu ba, kuma in an kira ta za ta je. Amma ita ba Manaja ta ba amanar hannunta da safen ran nan ba.

'Yar ta raka ni ƙofa. Na taho a ƙasa, ban hau mota ba.

Lahadi, 16 ga Maris

Ban buɗe littafi ko ɗaya ba yau. Takardar Manaja tana kan tebur, na ɗora kofi a kanta, ya yi mata zobe.

Na hango Yaya a bakin layinmu da yamma, a kan babur, bai kashe ba, bai shigo ba. Ya kai minti goma. Ya rame, ko idona ne. Ba ruwana.

Litinin, 17 ga Maris

Akwai abin da ban rubuta ranar huɗu ga wata ba. Littafina ne, ba kwamiti ba, to bari.

Da na kunna motar a safiyar haɗarin, lambar tana gabana: ɗari. Na gani. Har na ce a raina, yau an yi mana karamci. A gefenta akwai ɗan layin nan mai ɗigo-ɗigo da yake nuna riƙo ya ragu. Na san ma'anarsa, a kamfanin nan kaf ni kaɗai na sani. Kaina ya sani, ƙafata ba ta sani ba, don wata takwas ina hana ta. Mako uku ina na ɗaya a allo, ina son na huɗu. Daƙiƙa biyu, ko uku, na yi ina jiran riƙon ya zo, don kada in taka.

Shi ke nan, na rubuta. Ba wai na ce sun yi daidai ba. Kada wani ya karanta ya ce Farfesa ya sauko.

Takardarsu ba zan sa mata hannu ba, saboda kalma biyu: ni kaɗai. Na rubuta tawa, shafi ɗaya, nawa laifin a sama, da baƙin biro, ban rage komai ba. Ƙila ta kore ni. Na kai wa Umma ta ji, ta ce in nuna wa ɗan'uwana kafin gobe, kada ya ji a bakin taro. Na ce shi ya nuna min tasa? Amma na biya ta gidansa na zura kwafi ta ƙarƙashin ƙofa. Don matarsa na yi, saboda kwanon nan. Ban sa sunansa a ciki ba, na rubuta gareji kawai. Wannan ma ba don shi ba, takardar ce ta cika.

Gobe ƙarfe shida direbobi ashirin za su tsaya a gaban allon nan kafin a raba makullai. Baba Sannu ya ce zai tsaya kusa da ni. Zan karanta nawa da ƙarfi, har daƙiƙa ukun. In na gama ba zan shiga ofis ba, ba zan zauna a kujerar roba ba, ba na son a dafa min kafaɗa.

Manaja, a nan tsakar haraba, a gaban mutanen da suke sauka gangaren nan kowace safiya da rayukan mutane a bayansu: wa ya ce a cika batir, wa ya hana a gaya mana, kuma me ya sa aka mayar da shi tamanin washegari in babu abin da ya faru? Ka fito ka amsa da bakinka, kowa yana ji. Kai kuma Yaya, kana da daga yanzu zuwa ƙarfe shida ka tuna. In ka tuna, ba a ɗakin Umma nake son ji ba. A can za ka faɗa.